Falta da Maɓallan Kafaɗar Hagu

Katanga ɗaya ce tsakanina da Falta, gajeriya kuwa, idan na miƙe a bakin murhu ina hango ɗankwalinta. Tun muna 'yan mata muke tare a ƙauyen nan namu na gefen Bagwai. Kakanta daga Barno ya zo da fataucin kanwa ya zauna, amma ita ban da sunan babu abin da ta gada, ko gaisuwa ba ta iya da Barbarci ba. Tela ce. Tun da maigidana Malam ya rasu, Allah ya ji ƙansa, gidan ya yi mini faɗi, ƙarar kekenta ce take taya ni zama. Idan ta yi shiru na san lokacin salla ya yi.

Riga ɗaya aka san Falta da ita, ana ce mata wuyan Fatihu. Jamfa ce ta samari, wuyanta a tsaye, ba a tsaga ta ta gaba, sai dai a jera maɓallai a kan kafaɗa. Kafaɗar hagu. Ku riƙe wannan, don a kansa duk rikicin yake.

Shi Fatihun yaro ne ɗan birni, mawaƙi, yana kuma fitowa a fim. Lokacin da ya yi tashe ko gemu bai tsiro masa ba. Da waƙarsa muke daka, da ita ake tankaɗe, samari suka koma tafiya a karkace irin tasa, jariran shekarar kuwa idan ka kira Fatihu a bakin rijiya sai uwa uku ta waiwayo. Amma mu muryarsa kawai muka sani, a rediyo da kaset.

Sau ɗaya tak muka gan shi. Alhaji Lawan dillalin albasa ya yi wa ɗansa aure, ya ɗauko masu majigi daga Kano. Liman ya ce shi ba zai yarda maza da mata su cakuɗe ba. Sai aka ɗaura farin ƙyalle tsakanin darbejiya biyu a filin firamare, maza suka zauna ta gaba wajen injin, mu mata aka shimfiɗa mana tabarmi ta baya. Ƙyallen shara-shara ne, muna gani tar.

'Yan mata suna ta ihu idan ya yi murmushi. Falta ko motsi ba ta yi ba, rigar take kallo. Ni kuma wani abu ne ya dame ni. An kawo masa abinci a fim ɗin, ya sa hannun hagu ya ci. Ya haɗu da dattijo, ya miƙa masa hagu.

Na taɓa ta na ce, "Falta, yaron nan bahago ne."

Ta ce, "Ke dai ki bar ni in ƙirga maɓallan nan."

Tun daga ranar na sa shi a addu'a. Yaro mai kyau haka, a ce babu wanda ya koya masa ci da dama. Ban gaya wa kowa ba.

Falta kuwa washegari ta yanka tsohon zanen uwarta ta gwada wuyan da allura. Da ta auri Madu, mai noman albasa a bakin dam, ta matsa masa har ya sayar da tunkiya ya sayo mata keke. Shi ke nan, rayuwarta ta hau hanya. Da rigar nan ta yi wa 'ya'yanta kayan ɗaki, da ita ta riƙe gida shekarar da tsutsa ta cinye albasar Madu. Duk ango a yankin nan sai ya sa ɗaya ranar kamu. Waɗanda suka sa ta suna samari yanzu su suke kawo 'ya'yansu awo. Har daga Tofa ana aiko mata yadi.

Ba wai ba a taɓa yi mata magana ba. Wani lokaci yaro zai dawo daga birni ya ce, "Inna, a can ta dama suke yi." Sai ta ce, "Su suka sani. Ni da idona na gani. Tambayi Rahmatu, ita ba ta ƙarya." Ni kuma in leƙo ta katanga in ce hagu ne, don hagu na gani. Duk matar da ta zauna a tabarmar nan haka za ta ce. Madu aka taɓa tambaya, ya ce shi tun kafin a fara ya yi barci.

Damina ta bara aka ce Fatihu ya rasu. Na yi zaton maganarsa ta ƙare, ashe sannan ta taso. Yaran da ba a haifa ba lokacin tashensa suka tono waƙoƙinsa a waya. Sai ka ga saurayi ya jingina waya da tushen bishiya, yana motsa baki, muryar mamaci tana fita. Na kasa gane wannan, har yau.

Shugabansu Kamaruddeen ne, ɗan ƙanin Madu, mai shagon cajin waya. Suka ce bayan an kai amfani gida za su yi taron tunawa da shi, kowa da wuyan Fatihu fari. Falta ta ɗinka musu, har hannunta ya kumbura. Ran nan da hantsi ina wajenta muna gyaran wake, sai ga shi ya yi sallama da ƙatuwar leda cike da rigunan.

Ya durƙusa ya ce, "Inna, an samu matsala kaɗan."

"Ta matse ka? Ai na ce ka rage cin awara."

"Ba haka ba ne. Kafaɗar ce. Ta dama ce, Inna. Abokaina 'yan Bagwai dariya suka yi ta yi mana."

"Kai Kamaru, ranar da na ga rigar nan ubanka ko kaciya ba a yi masa ba. Rahmatu, gaya masa."

Na ce, "Hagu ne."

Bai yi gardama ba, ya ciro waya ya miƙo mana. Ga Fatihu nan, fim ɗin nan dai, na gane shi da kwanon da aka kawo masa abinci. Maɓallai a kafaɗar dama. Ya sa hannun dama ya ci, har da bisimilla.

Na ce, "An sake yin wani ne."

"Inna Rahmatu, mutumin ya rasu, wa zai sake?"

Falta ta karɓi wayar ta juya ta, ta duba bayanta, ta sa ya maimaita. Ta kawo ta kusa da ido, ta kai ta nesa. Sannan ta miƙa masa ta ce ya ajiye ledar ya tafi. Da ya fita ta ɗauko tsohon bargo ta lulluɓe keken, ta ɗaure da igiya kamar za a kai shi kasuwa.

Ta ce, "Na gama ɗinki. Idan idona ya yi mini ƙarya a wannan, a me kuma bai yi ba? Wato duk angwayen garin nan a karkace na aurar da su."

Daga nan katanga ta yi shiru. Ana kawo yadi tana mayarwa. Ta rame, ta daina tsokanar kowa. Ni ma ban samu sukuni ba. Na je wajen Hussaina mai ƙosai, wadda ta zauna kusa da mu ranar, na tambaye ta ba tare da na gaya mata dalili ba. Ta ce hagu, har ta dafa kafaɗarta. Na aika a tambayi Sama'ilu ladan, da shi ma ya kalli majigin, ya aiko cewa dama, kuma me ya haɗa ni da wannan da girmana. To mata duka sun haukace ne rana ɗaya? Ko wayar ce take gyara mutum idan ya mutu? Har na yi tunanin ko aikin aljanun darbejiyar ne, na yi a'uziyya na bar tunanin.

Wata Talata Falta ta yi wanki. Igiyar shanyarta a saman katangarmu take. Ta shanya wani mayafi shara-shara mai fure ɗaya a kusurwa, iska tana neman jefo shi gidana.

Ta ce, "Rahmatu, kama mini gefen furen nan, ta damanki."

Na ce, "Ta haguna dai."

"Yau kuma? Ga shi ina kallo, dama."

"Ni ma ina kallo."

Muka tsaya, ita ta can, ni ta nan, rana ta huda mayafin, fure ɗaya ne. Na ce, "Falta, ranar majigi ta ina aka zaunar da mu?"

Ta zagayo ta ƙofa ba ko takalmi, ta tsaya inda nake ta kalli furen. Ta koma gidanta ta kalla. Ta sake dawowa. Sai ta zauna a kan turmina ta yi ta dariya har da hawaye.

"Wato duk shekarun nan bayan yaron nake ɗinkawa?"

"Ba bayansa ba ne, ai fuskarsa muka gani."

"To ta yaya mutum zai zauna a baya ya ga gaba?"

Na ɗauka dai za ta kwance keken, amma ta ƙi. Ta ce sanin dalili bai mayar da karkatacce daidai ba, kuma hannunta ya riga ya saba, da girmanta ba za ta koyi dama ba.

Ana saura kaɗan taron sai ga Kamaruddeen, yana ta sosa ƙeya. Ashe sun kai wa wani tela a Bagwai ya yi musu na dama. Suka sa, suka ɗauki kansu a waya, sai maɓallan suka fito a hagu, mutane suna ta rubuto musu ba'a. Shi kuma da ma ya ɓoye ɗaya daga cikin na Falta, ya sa ya gwada, ta fito a dama sak irin ta marigayin.

"Idan mutum ya ɗauki kansa da kansa, wayar juya shi take yi, Inna."

Falta ta ce, "Ita ma ta baya take zama ke nan?"

"A'a, ta gaba ce."

"Rahmatu, kin gane?"

Na ce ban gane ba.

Ya ce, "Don Allah Inna, ledar nan tana nan? Kuma mun ƙaru, ana son wasu."

Ta bar shi a durƙushe ta gama tsince shinkafarta tsaf. Sannan ta ce, "Wace kafaɗa?"

"Hagu, Inna."

"Ɗaga murya, Rahmatu ba ta ji ba."

"Hagu!"

"Kwance mini igiyar nan, kuma ka kawo man keke, ya sha ƙura."

An yi taro, ban je ba, amma an nuna mini a waya. Na san rigunan, a gabana aka jera maɓallansu a hagu, ga su kuma a dama. Na mayar wa mai wayar abarsa.

Abin da ya rage mini shi ne addu'ar nan. Shekara da shekaru ina roƙa wa yaro ya koma ci da dama, ashe da dama yake ci. Na tambayi Falta ta katanga ko ina aka kai addu'ar tawa. Ba ta ɗago daga keken ba, zare a bakinta, ta ce wataƙila an ba wani bahagon. Yanzu gafara kawai nake nema masa.