Hoton Janar

Babanmu ya bar soja tun kafin a haife ni, amma halin soja bai taɓa barinsa ba. Unguwa kaf Saje ake kiransa. Mu 'ya'yansa Baba muke cewa a gabansa, Saje a bayan idonsa, kuma ya sani sarai, har ina zaton ya fi son na bayan idon. Ummanmu kuwa Janar yake ce mata, don a cewarsa duk zamansa a bariki bai ga wanda ya kai ta iya ba da oda ba.

A soja ya koyi fenti. Da farko ba wani zane aka sa shi ba, duwatsun bakin hanya yake shafa wa fari idan manya za su kawo ziyara, sai lambobin motoci, sai allunan ƙofar ofis. Wata rana ya zana fuskar wani hafsa a bayan kwali don abokansa su yi dariya, aka kama shi, aka tasa ƙeyarsa gaban mutumin. Hafsan ya daɗe yana kallon kwalin, sannan ya ce a rage masa kunne, a sake zanawa a babban allo. Daga nan sunansa ya fita. An kai shi fagen daga ma, amma wannan labarin bai taɓa ba mu ba. In ka matsa masa sai ya ce an sha ruwan sama, takalma sun jiƙe, ya tashi ya tafi wanke buroshi.

Da ya yi ritaya sai ya mayar da garejin gida shagon zane. Gwangwanayen fenti a jere bisa tsayi, kowane buroshi da gurbinsa, ga warin kananzir da har yau bai bar labulen gidanmu ba. Kuma ya iya, ba don ubana ne nake faɗa ba. In ya zana ka, uwarka za ta gane ka daga tsallaken titi.

Aibinsa ɗaya: bai iya zana mutum ba sai a ƙame. Ƙirji waje, haɓa sama, hannaye manne da cinya. Mai shagon magani ya zo da uban tumbinsa, ya fito a hoto kamar mai jiran a duba fareti. Yayata da mijinta suka zo a yi musu na tarihi, suka fito tamkar waɗanda aka kama da laifi. Ni kuwa ya tsayar da ni har ƙafata ta yi tsami, ƙuda na yawo a hancina.

"Kar ki motsa," in ji shi. "Soja ba ya korar ƙuda."

"Baba, ni fa ba soja ba ce."

"Na gani ai. Shi ya sa aikin ya ƙi ƙarewa."

Haka falonmu ya cika da mu, manya da yara har jikoki, kowa a sandare yana kallon gaba. Baƙo in ya shigo sai ka ga ya gyara zama ba tare da ya san dalili ba. Mutum ɗaya ce babu a bangon: Janar.

"In tsaya kamar falwaya aiki na jirana?" take cewa. "Je ka zana waɗanda ba su da abin yi."

Ya yi lallashi, ya yi cika baki, ya turo ƙanwarta ta roƙa masa. Har laɓewa ya yi a bakin ƙofa da fensir tana guga, ita kuwa da ta ankara sai ta riƙa juya masa baya tana waƙa. Abin ya zama wasan gidanmu. Duk mun ɗauka akwai lokaci.

A kofin shayi muka fara gani. Yana ɗauka sai ka ji cokali na ƙara a ciki, shayin na zuba a faranti. Likita ya ce rawar hannun ba za ta daina ba, sai dai ta ƙaru. Baba ya ce masa ya gode, ya dawo gida ya goge takalmansa kamar kullum.

Bayan 'yan kwanaki na same shi a gareji zaune gaban wani farin allo, ya danne hannun dama a ƙarƙashin cinyarsa.

"Na zana mai facin taya," ya ce, bai ko dube ni ba. "Na zana karen maƙwabta. Uwarku ce kawai babu."

Raina ya ɓaci, ni kuma in raina ya ɓaci bakina ba ya da birki. Na je na sami Umma na zazzage mata duk abin da ke cikina. Ta saurara har na gama, ta ce, "Ke, ɗauke mini bakin nan naki daga nan." Amma washegari da safe sai ga ta a ƙofar gareji cikin kayan da take ji da su. Ta shiga ta tsaya, ta ɗaga haɓa, ta manne hannaye. Wallahi duk cikinmu ba wanda ya taɓa ƙamewa kamarta. Ashe ta iya, mugunta ce kawai.

Baba ya miƙe ya sara mata, sannan ya ɗauki buroshi. Layin farko ya taso daga inda kunne zai zauna ya zarce har bakin allo. Ya goge. Ya tallafe hannun da na hagu ya sake gwadawa, fenti ya fantsama. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ajiye buroshin a gurbinsa a hankali.

"An tashi fareti, Janar," ya ce. "An makara."

Ni dai na juya fuskata ga bango, don kuka ya zo mini.

"Wa ya ba ka izinin tashi?" in ji Umma. Ta dube mu, ni da ƙanena da ke raɓe a ƙofa. "Ku biyu, ku ɗauko mini babban madubin ɗakina."

Muka kinkimo shi muna nishi, muka jingina inda ta nuna. Ta ja kujera ta zauna a damansa, ta kama wuyan hannunsa ta riƙe gam. Hannun ya lafa.

"To, ga ni can a ciki. Zana."

"Ai kina motsi."

"In na daina motsi, kai ma ka daina zane. Zaɓi ɗaya."

Makonni suka yi a haka, kullum da safe, kuma ba a yi rana ɗaya ba faɗa ba. Tunda hannun yana hannunta, sai ta riƙa karkatar da shi in ya nufi inda ba ta so.

"Wannan layin na goshi ba nawa ba ne," ta ce.

"Naki ne. Na san ranar da ya fito, ranar da 'yar nan taki ta fara magana."

Ina jin su daga kicin, na ci gaba da aikina, don da gaskiyarsa.

Hoton da ya fito bai yi kama da sauran ba. Mace ce zaune, ta ɗan karkata, gyale na zamewa daga kafaɗarta, baki a ɗan buɗe tana shirin mayar da magana. A ƙasa, can gefe, ya zana abin da madubi ya nuna masa: yatsunta riƙe da wuyan hannun wani. Daga nan bai ci gaba ba. Muka ce ya ƙarasa kansa mana, ya ce shi ba a ba shi wannan odar ba.

Bai sake zana komai ba. Cikin shekarar ya rasu, bayan gajeriyar jinya, a kan gadonsa, yana faɗa wa jika ya miƙe bayansa in zai gaishe shi. Ina kewarsa ƙwarai, har faɗan nasa.

Da aka kwana biyu ƙanena ya kai hoton wurin mai firam. Mutumin ya auna, ya ce guntun hannun nan na gefe ya ɓata tsarin, kamar ba a gama ba, gara a yanke wurin hoton ya zauna daidai. Ƙanena, mai saurin yarda da maganar duk wanda ya riƙe abin awo, ya dawo da shi gida ya tambayi Umma, har da nuna mata da yatsa inda zarto zai bi.

Umma ta karɓi allon ta ɗora a cinyarta. Ta sa bakin gyalenta ta share ƙurar da ke wurin.

"Ba za a yanke komai ba," ta ce. "Shekara da shekaru yana roƙona in tsaya, ban tsaya ba sai da hannun ya lalace. Yanzu kuma da na riƙe shi ku ce in saki?"