Burtun da Baba ya je nema Bilbis

Shekarun baya, lokacin da mutum zai shiga dajin Tsafe ya fito ba wanda ya yi masa barka, mahaifina ya tashi da wata rigima: shi sai ya ga burtu.

Idonsa ne ke tafiya. Likita ya gaya masa na hagu ya riga ya mutu, na dama yana bin sa, kuma aiki ba zai yi amfani ba. Da wani tsohon ne, sai ya ce a tara masa jikoki ya kalla. Shi Baba tsuntsu yake so, baƙin ƙaton nan mai jan maƙogwaro da ke yawo a ƙasa, wanda suke bi suna kallo yana yaro a ƙauyensu can bayan Bilbis. Yayana ya kai shi bakin gulbi a Bungudu, suka wuni suna kallon belbela, ya dawo ya rantse ba zai ƙara ba. Ni kuwa na gama sakandare ina jiran sakamako, sai aka ce ni ce marar aikin yi.

"Baba, akwai shi a waya fa," na ce. "In buɗo maka?"

"Uwata, na waya wani ya gani, ba ni ba."

Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa na ci. In ya faɗa da wannan muryar, magana ta ƙare.

Muka hau mota daga Gusau zuwa Tsafe, aka matse ni da buhunan taki, daga nan babur ya kai mu inda laka ta hana shi gaba. Damina ta zauna, ciyawa ta kai ƙugu. Baba ya riƙe kafaɗata muka shiga, ni ce idonsa.

"Mi kika gani can bisa?"

"Tsuntsu."

"Wane iri?"

"Mai fuka-fuki, Baba."

Bai ko yi fushi ba. Da kunne yake gane su. Wancan cilakowa ce, wannan ragon maza, masu hayaniya a kan giginya marai ne. Damo ya gifta mana, na kusa hawa wuyan tsoho. Cinnaka ya cije ni, ƙaya ta yage min zane, ga hadari yana haɗuwa a gabas. Duk inda muka tsaya sai na ce mu koma, shi kuma ya ce mu ɗan ƙara gaba.

A bakin wata fadama na hango shi. Baƙin kai da dogon baki, yana leƙowa ta saman ciyawa, yana matsawa wajen wasu dinyoyi, agwagin daji, da ke kiwo a bakin ruwa.

"Baba, ga shi."

Ya damƙe hannuna har na ji zafi. Ya juya idon daman yana ƙifce-ƙifce, ya ce yana ganin baƙin abu yana motsi. Na ji yana hamdala ƙasa-ƙasa.

Sai ciyawa ta ɗan buɗe, na ga diddige. Diddigen mutum, da faso, cikin takalmin roba. Na ga bakin bindiga. Maharbi ne ya ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin mayafi yana rarrafe, yadda suke yi don nama ya ɗauka tsuntsu ne.

Na san in na yi shiru, Baba ya ga burtunsa, mu kama hanya kafin ruwa. Amma bakina bai taɓa jiran shawarata ba.

"Baba, burtun nan da takalmi."

Kuma da ƙarfi na faɗa. Dinyoyin suka tashi gaba ɗaya. Burtu ya miƙe tsaye, mutum ne magidanci, ransa a ɓace.

"Haba Alhaji. Tun hantsi nike jan ciki bayan dinyoyin ga, ɗiyarka ta kore min su da baki guda."

"Wa ya ce ka yi shigar tsuntsu?" na ce.

"Ke, yi shiru," in ji Baba. Ya saki hannuna. Ban iya duban fuskarsa ba. Ya ba mutumin haƙuri, sannan ya tambaye shi inda ake ganin mai rai.

"Mai rai? Ni dai ban taɓa gani ba. Kan ga na ubana ne, shi ya koya min tafiyar."

Baba ya roƙe shi ya sake yin tafiyar, nan kusa, inda idonsa ke kaiwa. Mutumin ya ji kunyar tsoho, ya durƙusa ya yi.

"Ka cika sauri," Baba ya ce. "Wagga tafiyar zabo ce. Miƙo min."

Ya cire hula ya ba ni, ya naɗe rigarsa, aka ɗaura masa kan. Tsohon da a zaune yake sallah saboda gwiwa, shi ne ya durƙusa cikin laka. Ya taka, ya tsaya. Ya karkata kai ya dubi ƙasa da ido ɗaya, ya sara, ya cilla kan baya kamar mai haɗiya. Sannan ya fitar da wani kuka daga ƙirji, mai zurfi kamar ganga daga nesa.

"Sake, Baba," in ji maharbin, ya durƙusa kusa da shi yana kwaikwaya. "Sake wurin juyawar."

Ruwa ya sauko ya same su a haka, ni ina tsaye da hula a hannu.

Baba bai ga burtu ba har idon ya rufe. Dajin ma yanzu ba a shiga. Ni kuma ban gyaru ba, har yau magana na riga ni fita. Amma ta ranar ta daɗe tana cina, don in na tuna yadda ya damƙe hannuna, sai in ga kamar abu na fizge daga hannun tsoho. Wata rana ina yanke masa farce na kasa daurewa, na tambaye shi ko da ya fi so in yi shiru.

Ya yi dariya har da tari.

"Uwata, da kin yi shiru, da na dawo gida ina gaya wa mutane burtu ya lalace."