Tambayar da Yaya ya ci

Shekara uku ce tsakanina da yayana, amma tare muka rubuta jarrabawar shiga jami'a, ni karo na farko, shi na uku. Baba ya riga ya yanke magana: in wannan ma ta ƙi, Yaya ya ajiye biro ya bi ƙannen Baba ramin zinari, can wajen Bagega. Da daminar da ta wuce irin ramin nan ya rufta da mutum biyu 'yan layinmu.

Ba daƙiƙi ba ne, kar ma ku fara. Lokacin da ake dakan dutsen zinari a tsakar gidanmu, a turmin da ake dakan gero, ni an kai ni yaye wajen kaka a Gummi. Shi yana gida, yana wasa cikin ƙurar. Gubar dalma ta kashe yara a unguwar, shi ta bar shi da rai, sai dai hannunsa na rawa, kuma magana sai ta yi zagaye kafin ta zauna masa. Ni ko, alaji, babban yatsana a kan waya ya fi mashin gudu. Sabis ya ɗan leƙo, na kwashe tsofaffin tambayoyi daga gurup ɗin 'yan jarrabawa kafin ya gudu.

Wata la'asar a gindin darbejiya na karanto mana ɗaya. Faktoriyal ɗin ɗari, wato ɗaya sau biyu sau uku, haka har ɗari: sau nawa biyar za ta raba shi ba saura?

"Banza ta faɗi," na ce. "Ɗari raba biyar, ashirin. Mu je gaba."

"Tsaya, ɗan waya."

"Yaya, ashirin ce, na rantse da cajata."

Bai kula ni ba. Ya share ƙasa, ya rubuta biyar, goma, sha biyar, har ɗari, yana ɗora tsakuwa kan kowace. Na yi hira da mutum huɗu a waya kafin ya gama. A kan ashirin da biyar ya tsaya, ya ƙara tsakuwa ta biyu. Hamsin ma haka, saba'in da biyar, ɗari.

"Waɗanga biyar bibbiyu ag gare su," ya ce. "Kai ba ka taɓa wankin zinari ba. Wankin hwari ba shi hidda shi duka. Lakat da tar rage, ita ma a sake wanke ta. Raba ashirin ɗin naka da biyar."

Huɗu. Ashirin da huɗu ke nan. Na duba amsar gurup, ita ce cif. Na kwanta a ƙasa ina ihu, "Farfesan garin Anka!" Inna ta leƙo ta ce, "Mi anka yi kuma?" Yaya dai murmushi yake, ya bi tsakuwoyin ya sake ƙirga su tun daga farko. Shi haka yake. Abin da bai taɓa da hannu ba, bai yarda da shi ba.

Ranar jarrabawa mashin ɗaya ya kai mu, muna addu'a duk inda daji ya yi duhu. A kwamfuta ake yi, agogo na cin lokaci a saman allo. Sai ga 'yar'uwar tambayar nan: faktoriyal ɗin talatin, sau nawa uku za ta raba shi. Goma, uku, ɗaya, sha huɗu, na danna na wuce. Da na gama na waiga, na hango shi ya duƙufa kan takardar gwaji, yana jera lambobi ɗaya bayan ɗaya, yana ɗiga musu ɗigo da fensir. Na so in yi masa tsawa. Mai gadin jarrabawa na tsaye a kaina.

Ya fito fuskarsa fes.

"Sha huɗu ta, ko?"

"Ita ce. Nawa ka amsa duka?"

Ya shiga ƙirgawa da yatsu. Ko rabi bai kai ba kwamfutar ta rufe.

Da sakamako ya fito, nawa na fara dubawa. Na haye! Tsallen da na yi sai da kaji suka watse, na watsa a sitatus, na tura gurup uku. Ban ɓoye muku ba, daɗi na ji har ƙashina, har yau ma ina ji. Sai da na gaji na lura yana tsaye a bayana, ya miƙo min 'yar wayarsa rakani-kashi in danna masa, don yatsunsa ba sa samun lambobin. Na danna. Saƙo ya shigo. Na karanta sau biyu, makin bai kai ba, na miƙa masa.

Ya daɗe yana kallo. "To," ya ce. "Kai dai ka yi da kyau, ƙanena."

Baba bai yi faɗa ba, bai kuma janye ba. Inna ta roƙe shi kwana biyu, ya ce gero ya ƙare a rumbu, gona kuma ba ta shiguwa saboda mutanen daji.

Ran Asabar da hantsi ƙanen Baba ya zo. Yaya ya ɗaure tocilan a goshi don ya gwada, ya cire, ya sa a aljihu. Inna ta ƙi fitowa daga ɗaki. Na raka Yaya bakin hanya, ya ce in na tafi makaranta kar in kuskura in zo ramin nemansa, shi zai riƙa zuwa gida. Su uku suka hau mashin har da mai tuƙi, shi a tsakiya, buhun kayan haƙa a cinyarsa.