Lemun Kawu Sadu

A gidanmu na Filinge, idan an gama yankan hatsi sanyi ya fara shigowa, ɗakin Kaka ne matattararmu. Ana idar da sallar isha'i sai ta tura mu kwaso kara da 'yan itace, ta hura wuta a wani tsohon kasko mai tsage a baki. Mu bakwai ne jikokinta a lokacin. Takan zauna a kan buzu ta miƙe ƙafafu, tana fere lemu da ƙaramar wuƙa, tana raba mana ɓari-ɓari. Ɓawon kuma sai ta jefa a garwashi, ɗakin ya cika da ƙamshi. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Takan ce, "Kowa shi ɗaure bakinshi, ga wata ta taho daga nesa." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo ta ji ɗumi."

Lemun daga garkar Baba yake zuwa. Garkar tana cikin kwarin da ake kira dallol, inda ruwa ba shi da nisa. Yana da itatuwa goma sha biyu, lemun tsami da na zaƙi. Ya kewaye gindin kowanne da ɗan tudun ƙasa don kada ruwan ban-ruwa ya taɓa jikin itacen, domin idan ya jiƙa kullum sai ya fara zubar da ƙaro ya ruɓe. Baba mutum ne mai zafi a kan garkarsa. Ko akuya ta ci ganye ɗaya, gidan kowa sai ya ji.

A shekarar da na cika sha ɗaya wani ƙuda ya addabi garake. Ƙarami ne, mai ratsin rawaya. Yana huda lemu ya zuba ƙwai, lemun ya yi tabo, ya faɗo tun bai nuna ba. Idan ka yanka sai ka ga fararen tsutsotsi suna motsi. Malamin gona ya zagayo ya yi bayani cewa tsutsar tana fita daga lemun da ya faɗo ta shige ƙasa, bayan kwanaki ta fito ta zama sabon ƙuda. Ya ce a tsince duk wanda ya faɗo, a haƙa rami mai zurfin hannu a binne. Baba ya ba ni wannan aikin. Kullum idan an tashi daga lakwal, wato makarantar boko, da yamma sai in ɗauki kwando in tafi.

Kwana uku na yi ina haƙa ramin. A na huɗu hannuna ya yi kanta, ga ƙawayena suna jirana wasa. Na dubi shingen ƙaya da ya raba mu da garkar Kawu Sadu. Ba ɗan'uwanmu ba ne na jini, maƙwabtaka ce ta sa muke ce masa Kawu. Tsoho ne, yanar ido ta rufe masa gani sai dishi-dishi, kuma itatuwan lemunsa uku ne kacal. Ciyawa ta yi tsawo a gefen shingensa don ba ya iya nome ta. Na ɗaga kwandon na juye masa a can. Ba abin da ya faru. Washegari na sake. Haka na yi ta yi har kusan wata guda, Baba yana yaba mini saurin aiki.

Wata yamma ina cikin juyewa na waiga, sai ga Kaka tsaye a bakin rijiya da ganyen zogale a ƙwarya. Ta dube ni, ta dubi shingen, ta ci gaba da wanke ganyenta. Muka dawo gida tare tana yi mini hirar tsadar gishiri.

Bayan kwanaki, ƙudan ya ƙaru a garkarmu. Baba ya leƙa ta saman shinge ya ga tulin ruɓaɓɓen lemu a cikin ciyawa, ƙudaje sun yi baƙi a kai. Ya dawo gida yana faɗa. Kafin ya je wurin Kawu Sadu, tsohon ya ji labari ya zo da kansa, yana dogara sanda. Ina tsakar gida ina wankin kwanuka, na ji komai ta zana.

"Idi, na zo in ba ka haƙuri," in ji shi. "An ce mini garkata ta zama gidan ƙuda. Ban gani ba, wallahi. Idanun nan ne."

Baba ya ce, "Malam Sadu, ni aikin shekara ne zai lalace mini. Babban itacen nan na bakin shinge shi ne matsala."

Tsohon ya ce, "In shi ne, a sare shi. Ba ni so a ce na cuci maƙwabci."

Kwanon da ke hannuna na riƙa gogawa har suka yi sallama.

A ranar, da muka taru a gindin wuta, Kaka ba ta fere lemu ba. Ta buɗe da kalmominta na kullum, muka amsa, ta fara.

Ta ce wasu 'yan'uwa biyu ne suka gaji itacen lemu guda. Suka raba shi, rassan gabas na wa, na yamma na ƙane. Ƙanen gurgu ne, ba ya iya hawa. Ran nan wata tsutsa ta zo wurin wan ta yi sallama, ta ce baƙuwa ce, kwana ɗaya take roƙo a cikin lemu ɗaya. Wan ya ce shi ba shi da masauki, amma ta zagaya yamma, mai wurin ba ya hawa, ba zai sani ba. Tsutsa ta yi godiya ta zagaya. Ta kwana, ta ƙara kwana, ta haihu. 'Ya'yanta suka tambaye ta ina ne iyakar gidansu. Kaka ta siranta murya kamar ta tsutsar ta ce, "Iyaka? Ni itace guda na gani."

Ƙannena suka yi dariya. Ta ci gaba. Ta ce da lemu ya fara zuba, mutanen gari suka ce daga yamma ɓarnar ta fara. Ƙanen ya ji kunya, ya ce rashin ƙafarsa ne ya jawo wa ɗan'uwansa asara. Ya ɗaure 'yan tsummokaransa ya ja jiki ya bar gari. Wan yana tsaye yana kallo, bai buɗe baki ba. Itace ya zama nasa shi kaɗai. Amma duk lemun da ya yanka, sai tsutsa ta leƙo ta ce, "Sannu da aiki, mai masaukinmu."

Nan ta tsaya. Ƙanwata Zali ta ce, "Kaka, ƙanen ya komo?"

Kaka ta tura wani kara cikin wuta. "Wa ya tahi nemanshi?"

"To mi ya hana wan?"

"Shi za ki tambaya," in ji ta. "Ni iyakar inda aka ba ni ke nan. Kowa shi ɗauki abin da ya tsinta."

Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Ni kuwa fuskata ta yi zafi, na ja baya daga wutar kamar ita ce ta dame ni. Da za mu fita ta ce, "Balki, tsaya ki taya ni kwashe toka." Na tsaya. Na kwashe tokar a hankali, ita tana gyara shimfiɗa. Ta ba ni lokaci mai yawa. Har zan faɗa mata gaskiya, sai na tuna bulalar Baba. Na ce, "Sai da safe, Kaka." Ta ce, "Allah shi kai mu."

Ranar Lahadi aka sare itacen. Baba ne ma ya ba da aron gatari.

Kaka ba ta sake tayar da zancen ba har ta rasu, kuma ba ta rage mini komai ba a ɓarin lemu ko a wasa. Na daɗe ina jin haushin haka a ɓoye. Da ta tona ni, da an doke ni an wuce wurin. Sai da na girma na gane cewa ba dukana take so a yi ba. So take maganar ta fito daga bakina. Kawu Sadu ya rasu ina aji na biyu a kwaleji. Na je gaisuwa tare da mata, na ci tuwon sadaka.

Yanzu ina koyarwa a wata lakwal kusa da Damana, garkar Baba kuma ƙanena ne ke riƙe da ita, ya sa famfo mai aiki da hasken rana. Na taɓa tambayar wani malamin gona ko kwandon yarinya ɗaya zai iya lalata garka. Ya ce a irin waccan shekara ƙudan zai zo ko ta yaya. Na ji daɗin amsar kwana biyu, sai ta daina yi mini amfani, domin ba zuwan ƙudan ne yake damuna ba.

Bara na sayi dashen lemu biyu masu aure, wato waɗanda aka haɗa wa reshen iri mai kyau, daga wani mai renon itatuwa a Bonkuku, na kai wa Ramatu, 'yar Kawu Sadu, wadda ta gaji garkar. Ta girme ni da kusan shekara goma. Na zauna a tabarmarta na faɗa mata komai, tun daga kantar hannuna har gogar kwano. Ta saurara tana tsince wake, ba ta katse ni ba.

Da na gama ta ce, "Kin san bai sake taka garkar nan ba bayan an sare itacen? Cewa ya yi wanda ba ya gani bai kamata shi riƙa ɓata wa mutane aiki ba. Ƙofar gida ya koma zama. Mutumin da a da tun asuba yake cikin garka."

Ban sani ba. Na ce, "Yaya Ramatu, ki yafe mini."

"Nawa na yafe, ke yarinya ce a lokacin," in ji ta. "Nashi kam ba ni da ikon ba ki."

Ta karɓi dashen, amma ta ce ni zan dasa. Muka tafi da yamma. Na haƙa ramuka biyu, na zuba taki, na bar wurin auren a sama da ƙasa yadda mai renon ya nuna mini, na zagaye su da ƙaya saboda awaki. Tana tsaye tana riƙe da bokiti, ba ta taya ni ba, ba ta kuma tafi ba.

A da na ɗauka tatsuniyar Kaka gargaɗi ce cewa ɓarnar da ka tura wa wani tana dawo maka. Wannan ko yaro zai gane. Abin da ya ɗauke ni shekaru shi ne na fahimci cewa a daren nan labarin bai ƙare ba don ni ce nake da sauransa, kuma a lokacin itacen yana tsaye, gidan tsohon taku kaɗan ne daga namu.

'Ya'yana suna son tatsuniya, kuma na ba su kusan duk na Kaka. Wannan ɗaya ce ban ba su ba. Babbar 'yata tana da yawan tambaya, na san za ta tambaye ni abin da ya hana wan magana. Ina da amsar. Shekararta sha ɗaya bana, kuma na yi wa kaina alkawari zan faɗa mata kafin sanyin nan ya fita, da sunana a ciki.