Dattijon da ke Jan Fatar Hannunsa

A tashar Gaya, Kande mai suyar kifi tana kallon wani dogon dattijo da ke jiran motar Tunuga. Wuyansa da hannayensa duk baƙin tabo ne. Yana mintsinar fatar bayan hannunsa, ya ja, ya saki, yana murmushi shi kaɗai. Ga alama masunci ne.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Bara ko riga ce ta goge ni, sai fatar ta saluɓe. Likita ya ce ƙwayoyin fata ɗaure suke da juna kamar ƙullin taru, ni kuwa nawa ne suka kwance. Yanzu dai sun sake ɗaurewa."

Ya sake ja, fatar ba ta saki ba.

Kande ta tsaya duban nata hannun, wanda kullum mai ke ƙonawa yana warkewa, har kifinta ya soma ƙauri.