Kujerun Baya da Na Sa Aka Cire

Ranar da Mama ta zame daga kan babur a bakin rafin ƙauyenmu, ranar na ƙudura a raina sai na mallaki motar da za ta haye rafin nan. Ba ta karye ba, godiya ga Ubangiji, gwiwa ce kawai ta kumbura. Amma matar da ta haura saba'in, ga hawan jini, ga likita ya ce duk bayan sati biyu yana son ganinta a Kafanchan, ai ba a kan babur ya kamata a riƙa jijjiga ta ba. Ƙauyen namu yana can bayan Madakiya. In ka sauka daga kwalta sai jar ƙasa da duwatsu, sai gangare, sai rafin da ba gada. Makarantar firamaren da nake shugabanta tana kan wannan hanya, kafin gangaren, saboda haka Litinin zuwa Juma'a ina bisa hanyar. Tsohuwar ƙaramar motata iyakarta makaranta, da damina ma wani lokaci a bakin kwalta nake ajiye ta in ƙarasa da ƙafa.

Ƙanena da ke aiki a Abuja shi ya samo mini jif ta hannu, irin wadda muke kira 'yar Beljiyam, doguwa, mai jan ƙafa huɗu. Da ya kawo ta na zaci an gama. Ashe yanzu aka fara. Tun kafin ya sha ruwa ya zaro waya yana nuna mini hotunan motocin Turawa suna hawan dutse, wai tawa ma sai an yi mata haka: a ɗaga ta, a sa mata manyan tayoyi masu kaushi, a ɗaura ƙarfen gaba, a kafa keriya a sama, a sa baƙin gilashi, har da wani inji mai igiyar ƙarfe da ke jawo mota in ta kafe. Na ce masa makaranta zan je da ita da kasuwa da coci, ba farautar giwa ba. Ya yi dariya ya koma Abuja, ya bar ni da ciwon kai.

Ni mutum ce mai gajen haƙuri, kuma in abu ya shiga kaina ba ya barina in zauna. Sati uku cur ina kai da kawowa tsakanin gida da garejin bakanikena. Dattijo ne Bahaushe, haifaffen cikin garin Kafanchan, shi yake duba mini mota tun ina ƙaramar malama. Yau in je in ce a ɗaga ta, gobe da na tashi daga makaranta in koma in ce a fasa. A ofis in ɗauki biro zan sa hannu a rajista, sai in tsinci kaina ina zanen taya a bayan takarda. Malamai suka gane, kowa ya zama injiniya. Wanda ko keke bai mallaka ba shi ne ya fi kowa sanin tayar da ta dace da ni. Maigidana kuwa ya zare hannunsa tun farko, ya ce motar tawa ce, uwar ma tawa ce, kada gobe a ce shi ya ce.

Abin da ya dame ni shi ne, duk abin da ya yi wa hanyar ƙauye daɗi sai ya ɓata mini zaman gari. Manyan tayoyin nan bakanike ya ara daga wata mota ya ɗaura mini na gwada. A laka kam ba magana. Amma da na hau kwalta sai wani irin gurnani ya cika motar, ko waƙar da na kunna ba na ji, sitiyari ya yi nauyi, allurar mai kuma tana sauka ina kallo. Na mayar masa da abinsa, muka tsaya a kan matsakaita, masu ɗan kaushi. Ɗagawa kuwa, ya nuna mini wata da aka ɗaga a garejin ya ce in hau. Na kama ƙofa, na ɗaga ƙafa, zanena ya ce bai san zancen ba. Ni ke nan, ina ga Mama da gwiwarta? Nan take na kashe wannan magana. Ƙarfen gaba na so shi, don yana ba mota kwarjini, amma da na auna tsawon da zai ƙara sai na ga ƙofar gidanmu ba za ta rufu ba. Baƙin gilashi ban ko saurara ba, ba ni da lokacin sauke gilashi a kowane shingen 'yan sanda. Injin ja kuma na tambayi bakanike jikin me zan ɗaura igiyar a bakin rafinmu, tunda ba bishiya sai ciyawa. Ya ce shi ma abin da yake shirin tambayata ke nan.

Inda na zuba hankalina duka shi ne wajen shigar Mama. Na sa mai walda ya yi matakala a gefen dama, mai faɗi, aka manna mata roba don kada ta yi santsi. Sau biyu ina sa shi ya yanke ya sake, har ya fara ɓuya in ya hango ni. Na sa aka ƙara mariƙi a jikin ƙofa daidai inda hannunta zai kai. Na je ƙauye takanas na auna tsawon takunta a dokin ƙofar ɗakinta da igiya, tana kallona tana cewa boko ya gama da ni. A kan wannan ba wanda zai ce ban yi ƙoƙari ba.

Saura kujerun can baya, guda biyu, waɗanda ake naɗewa su rataye a gefe. Tun ranar farko suka tsaya mini a rai. Sun cinye wuri, suna ƙara a kan gargada, kuma ni ba yara ƙanana gare ni ba. Ina tunanin buhunan citta da acca da Mama ke tara mini, da doya, da kwalayen littattafan makaranta. Tunda na ƙi keriyar sama, ai gara a buɗe mini ciki. Na ce wa bakanike ya kwance su, ya gyara kujerar tsakiya ta riƙa kwanciya shafe, ya shimfiɗa roba mai kauri tun daga ƙofar baya har bayan direba, yadda ko ruwa aka zuba sai dai a goge.

Ya ajiye sufanar da ke hannunsa ya dube ni.

"Malama, da kin bar kujerun nan."

Na tambaye shi dalili. Ya sosa ƙeya, ya ce shi dai da na bar su, mota mai kujeru mota ce ta mutane. Na ɗauka ƙyuya ce, notin sun yi tsatsa ba ya son wahala. Na ce masa in ba zai iya ba akwai gareji a gaba. Ya kwance su, ya jingine su a bangon shagonsa ya rufe da buhu.

Watan farko na ji daɗin motar nan ba kaɗan ba. Ranar da na fara haye rafin, ruwa har rabin taya, na sa giyar ƙafa huɗu ta fita kamar ba komai, sai da na yi guɗa ni kaɗai a ciki. Mama ta taka matakala, ta kama mariƙi, ta zauna a gaba ta gyara ɗankwali. Duk wanda muka wuce sai ta ɗaga masa hannu, har wanda ba ta ga maciji da shi. Sau biyu na kai ta asibiti na dawo da ita. A na biyun har barci ta yi a hanya.

A wajenmu, duk inda mutum ya rasu, gida ake kai shi. Ko a Legas ne, ko a mutuware, ɗakin ajiye gawa, ya yi wata guda, ƙasar kakanninsa ita za ta karɓe shi. Da rani a-kori-kura ke kawo akwati har ƙofar coci. Da damina kuwa iyakarta bakin rafi, daga nan maza su ɗauka a kafaɗa su haye. Na san wannan tun ina yarinya. Na sha tsayawa a gangaren nan cikin ɗinkin zumuntar matan coci muna waƙa. Amma wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba lokacin da nake auna shimfiɗar roba.

Cikin Agusta wata tsohuwa ta ƙauyenmu ta rasu a asibiti a Kafanchan. Ƙawar Mama ce, benci ɗaya suke zama a coci tun kafin a haife ni. Ana gobe biso, wato binne ta, da yamma sai ga dattijon ikilisiyarmu a gidana, da hularsa a hannu. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya yaba motar, ya ce ruwa ya cika rafi, samarin da za su ɗauka kuma duk suna birni. Ya ce ya leƙa bayan motar ran Lahadi ya ga kamar an auna.

"'Yarmu, Ubangiji ne ya ba ki don irin wannan rana."

To, me zan ce? In ce a'a, a ɗauki uwar wasu a kafaɗa cikin ruwa har cinya, ni kuma in wuce da mota fanko? Da wane ido zan shiga coci? Da safe aka kwantar da kujerar tsakiya, aka tura akwatin a kan robar nan, ya shige sumul, ƙofa ta rufu ba ko turawa. Na tuƙa a hankali, fasto a gefena a kujerar Mama. Da muka isa ƙofar coci mata suka kewaye motar da waƙa. Mama tana gaba-gaba da sandarta, a kan idonta aka buɗe baya aka jawo ƙawarta.

Kafin damina ta ƙare na kai akwati uku. Na biyu daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu ne, na uku ban ma san shi ba, surukin wani ne. Na yi faɗa, na yi ƙorafi a gida har maigidana ya gaji da ji, amma duk wanda ya zo da hula a hannu sai in ɗauko makullin mota. Abin da ya fi ƙona mini rai, yanzu in na sako kan motar a gangare, ko doya na zo ɗauka, sai in ga mata sun ɗago daga gona sun tsaya cak da fartanya, suna jira su ga ko akwai motar masu rakiyar gawa a bayana.

Mama kuwa ta fara kawo dalilai. Wannan satin ta ce jikinta da sauƙi, ba sai an je ba. Wani satin ta ce ƙamshin motar na tayar mata da zuciya. Na sa aka wanke ta ciki da waje, na cire robar na ƙona. Na roƙi fasto ya yi addu'a a kanta, ya yi, har ya yi wa Mama wa'azi a kan cewa wanda ya mutu cikin Ubangiji ba abin tsoro ba ne. Ta ce amin da ƙarfi, ta fi kowa sanin ayar. Na koma gareji ba ko sallamar kirki na ce a mayar da kujerun. Bakanike ya yaye buhun, ya kakkaɓe su, ya ɗaura. Da na tambaye shi me ya hana shi faɗa mini a fili tun farko, sai ya ce ya ga motoci biyu da aka yi wa haka a garin nan, amma ba ya iya kallon mutum da sabuwar motarsa ya kira masa gawa. Na rasa wanda zan ji haushi, shi ko ni.

Ranar asibiti ta zagayo, maganinta ya ƙare kwana biyu, ƙafafunta sun fara kumbura. Na isa ƙauye da sassafe na buɗe mata baya na nuna mata kujerun sun dawo. Ta leƙa, ta gyaɗa kai. Na buɗe ƙofar gaba. Ta tsaya da jakarta da katin asibiti a hannu, ba ta matsa ba. Nan fa raina ya ɓaci, na ɗaga murya a tsakar gidan da aka haife ni, na ce saboda wa na yi duk wannan wahala, saboda wa na hana kaina sukuni wata da watanni? Na ce ƙarfe ne fa, Mama, ƙarfe da roba. Ta bar ni na gama tas, sannan ta amsa da yarenmu, a hankali.

"Na sani, 'yata. Ba tsoro nake ji ba. Zan shiga motarki, ke ce ma za ki tuƙa. Amma ki bar ni in kai ranar tukuna."

Ashe ta riga ta aika an kira mata mai babur. Ya zo ya tsaya a jikin dutsen ƙofar gida, ta taka dutsen ta hau, ta rungume jakarta. A rafi ya sauke ta, ya tura babur ɗin ya haye, ya dawo ya riƙe hannunta suka ratsa ruwan, ni ina zaune a mota ina kallo ta gilashi. Na bi su a baya a giya ta biyu, idona a kan ɗankwalinta, duk ramin da suka faɗa sai in taka birki. Masu mota na ta yi mini hon a kan kwalta suna wucewa. Haka muka tafi har ƙofar asibiti, kuma bayan sati biyu haka muka sake yi.