Farin Goron Kawu

Jiya mai goro ya tambaye ni, "Baba, fari ko ja?" Sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Tsohon ɗan kokawa ne, da ƙarfi ya ƙare ya koma kallon sumo, kokawar ƙattin Japan, a talabijin a shagonsa na Dutse Uku. Kullum da hantsi yana kurɓar shayi yana faɗa: "Ji almubazzarai, suna watsar da gishirin miya!" Gwaninsa shi ne ƙaramin cikinsu. In ya yi kaye, a jefa farin goro a kwano, in ya sha ƙasa a jefa ja. Ni da na leƙa firamare aka naɗa ni alƙalin kwano, kuma har yau ba a tuɓe ni ba.

Ranar ƙarshen gasar, fari da ja sun yi kunnen doki, in gwanin ya faɗi za a rage masa matsayi. Kawu na kwance ba lafiya, ni kaɗai na ga gwanin ya yi nasara, ya tura ƙaton abokin karawarsa wajen da'ira.

Da na je wurin Kawu ya ce, "Kai yaro, ya tsaya?"

Na damƙa masa fari. Ya shinshina, ya murmusa. "Na gaya maka ba a ƙiba take ba."

Allah Ya sa kwanonsa na can fari ne zalla.